Idan ƙaddara ce, mene ne laifin Sarki Edifus?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, an ba mu wasan Sarki Edifus na Sofokilis a darasin wasan kwaikwayo. Na karanta shi har ƙarshe, amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, tun kafin a haifi mutumin nan aka ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa, shi kuma ya bar gari don kada hakan ta faru, amma sai da ta faru. To mene ne laifinsa da zai ƙare a makance? Na biyu, an ce mana waɗanda suka fara kallon wasan duk sun san labarin. Me ya kai su kallon abin da suka san ƙarshensa, har ake cewa babu kamarsa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam, 'yata. Amin, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Tambaya biyu kika yi, amma amsarsu daga wuri ɗaya take fitowa. Kina neman laifin mutumin da aka riga aka faɗa wa makomarsa, kina kuma neman daɗin labarin da kowa ya san inda zai ƙare. Akwai abin da yawancin ɗalibai ke tsallakewa a karatun farko: kisan uban da auren uwar ba sa cikin wasan. Sun faru shekaru masu yawa kafin a fara, har Edifus da Jokasta, uwar tasa da ya aura, sun haifi 'ya'ya huɗu. Abin da ke kan dandamali yini guda ne kacal, yinin da wani sarki ya ce sai ya tono gaskiya, ana ba shi haƙuri yana ƙi. Maganar da aka faɗa wa ubansa, da wadda aka faɗa masa a Delfi, wurin bautar da Girkawa ke zuwa neman duba, babu wadda ta ce zai yi wannan bincike, babu kuma wadda ta ce zai tsiyaye idanunsa. Ki riƙe wannan, don a kansa sauran bayanin zai hau.

Garin da aka yi wasan, da halin da yake ciki

An haifi Sofokilis wajen shekara ta 496 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a Kolonas, gefen birnin Atina na ƙasar Girka, ya rasu a 406 yana da kimanin shekara 90. Ya rubuta wasanni sama da 120, guda 7 ne suka iso gare mu a cike. Ba mutumin da ya kulle kansa a ɗaki yana rubutu ba ne. Ya riƙe muƙamin ma'aji na dukiyar ƙawancen garuruwan da Atina ke shugabanta, an kuma zaɓe shi cikin kwamandojin yaƙi tare da Ferikilis, jagoran Atina, lokacin da Atina ta yaƙi tsibirin Samos wajen 440. Ya san yadda mai mulki ke magana idan ya tabbata shi ke da gaskiya, kuma za ki ji wannan a bakin Edifus.

Wasa a wurinsu ba abin kowace rana ba ne. Sau ɗaya a shekara, wajen watan Maris, ake babban bikin Diyonisas, ɗaya daga cikin allolin da suke bauta wa. Dubban mutane ne ke zama a gangaren dutsen Akrofolis, a fili, da rana tsaka. Marubuta uku ke gasa, kowanne ya kawo wasan ban tausayi uku da na barkwanci ɗaya. Hukuma kan ɗora wa wani attajiri kuɗin horar da 'yan amshi, alƙalan gasar kuma ƙuri'a ke fitar da su. Abin dariya, a shekarar da Sofokilis ya kawo wannan wasa na biyu ya zo. Wani Filokilis, ɗan 'yar'uwar shahararren marubucin wasa Eskilus, shi ya ci. Yau babu wasansa ko ɗaya da ya rage.

Babu rubutaccen tarihin ainihin shekarar da aka nuna wasan, amma yawancin masana suna ajiye shi tsakanin 430 da 425, kuma dalilinsu annoba ce. A 431 yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Sparta. Dabarar Ferikilis ita ce a kwaso mutanen karkara a shigo da su cikin ganuwa, a bar wa abokan gaba gonaki, a dogara da jiragen ruwa. Birni ya cika maƙil, mutane suna kwana a bukkoki da farfajiyar wuraren bauta. A 430 cuta ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Firayus. Marubucin tarihi Tusididis, wanda shi ma ta kama shi ya tashi, ya ba da labarin gawawwaki yashe a hanya da bakin rijiyoyi, likitoci na mutuwa kafin majinyata, jana'iza ta lalace, mutane sun daina tsoron alloli da doka don sun ga mai ibada da marar ibada duk tafiya suke. Ana ƙiyasin ta kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin, ko ma fiye. Ferikilis kansa ita ta kashe shi a 429. Ga kuma wani ƙarin tashin hankali: an san cewa Spartawa sun je Delfi kafin yaƙin, aka ce musu Afolo, abin bautar wurin, zai taimake su. Afolo kuwa a imaninsu shi ne mai harba kibiyar annoba.

To ki sa kanki a wurin mutumin da ya binne iyalinsa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ya zo ya zauna kallo, abu na farko da ya gani shi ne jama'ar wani gari sun taru a ƙofar fada suna kuka: amfanin gona na mutuwa, dabbobi na mutuwa, mata na ɓari, an aika Delfi a ji me Afolo zai ce. A tsofaffin ruwayoyin labarin Edifus da suka iso gare mu babu wannan annoba. A wajen Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, bayan asiri ya tonu uwar ta rataye kanta, shi kuwa ya ci gaba da mulkin garinsu Tibis. Sofokilis ne ya buɗe wasan da cuta, kuma da wuya a ce bai san abin da yake taɓawa ba.

Akwai wani ɓangare na zamanin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Atina ta wancan ƙarni gari ne da ya yarda da kaifin hankalinsa. Malamai masu koyar da hujja da iya magana suna yawo ana biyan su, ɗaya daga cikinsu, Forotagoras, yana cewa ɗan Adam shi ne ma'aunin komai. Likitoci sun fara neman dalilin cuta a jiki da iska da ruwa. Kotuna cike da mutane masu gogewa wajen titsiye shaida. Wasu sun fara yi wa masu duba kallon 'yan damfara. Edifus ɗan wannan zamani ne a cikin rigar tsohon labari. Sarautarsa ma ba gadonta ya yi ba, a saninsa. Ya same ta ne don ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi Tibis, kuma yana alfahari da cewa da basirarsa ya yi, ba tsuntsun duba ne ya gaya masa ba. Wani masani, Banad Noks, ya rubuta littafi a 1957 yana cewa Edifus hoton Atina ne ita kanta: ga azama, ga saurin yanke shawara, ga zargin makirci da zarar an ja da shi. Ba dole ki yarda da shi gaba ɗaya ba, amma yana taimakawa.

Yadda aka ɗinka wasan

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Sanin ƙarshe bai rage wa wasan komai ba, shi ne ma jarinsa. Sofokilis ya gina kusan kowane zance a kan cewa mai kallo ya san abin da mai magana bai sani ba. Edifus ya tsaya gaban jama'a ya tsine wa wanda ya kashe Sarki Layus da ya riga shi mulki, wato ubansa na gaskiya, ya hana kowa ba shi masauki ko yi masa magana, har ya ce tsinuwar ta hau kansa idan da saninsa mutumin yana gidansa. Ya ƙara da cewa zai tsaya wa Layus kamar yadda zai tsaya wa ubansa. Shi yana faɗin maganar sarki mai adalci, masu kallo suna jin mutum yana yanke wa kansa hukunci. Wanda bai san labarin ba ba zai ji komai a wannan wuri ba.

Sannan ga abin da na fi so in nuna wa ɗalibai: a wasan nan duk wanda ya zo kwantar da hankali shi ke tayar da shi. Dubi Jokasta. Ta tarar da mijinta yana huci don makahon mai duba, Tiresiyas, ya ce shi ne ya kashe Layus. Sai ta ce ya rabu da masu duba, ga hujja: an taɓa gaya wa Layus ɗansa ne zai kashe shi, amma yaron kwana uku da haihuwa aka ɗaure ƙafafunsa aka yar a dutse, Layus kuma 'yan fashi ne suka kashe shi a wata mararraba inda hanya uku suka haɗu. Ita ta ambaci mararrabar ne a wuce, ba ita ce hujjarta ba. Amma a nan Edifus ya daskare. Ya shiga jero tambaya: a ina? yaushe? yaya kamannin Layus? mutum nawa ne a ayarinsa? Ta ce a ƙasar Fokis, inda hanyar Delfi da ta Dauliya suka haɗu, su biyar, da keken doki ɗaya. Shi kuwa ya tuna wani tsoho da ya kwaɗa masa sandar kora a irin wannan wuri, ya rama, ya kashe shi da mutanensa. Daga nan mai bincike ya fara zama wanda ake bincike.

Manzon Korinti ma haka. Ya zo da albishir cewa Sarki Folibas, wanda Edifus ya ɗauka ubansa ne, ya mutu mutuwar tsufa, mutanen Korinti na son Edifus ya gaje shi. Jokasta ta yi murna, ga duba ya sake ƙarya. Edifus ya ce har yanzu yana tsoron uwarsa Merofi da ke raye. Manzon, don kyautatawa, sai ya ce ai ba abin tsoro, ba su suka haife ka ba, ni na karɓo ka daga hannun wani makiyayin Layus a dutsen Kitayiron, ƙafafunka a huje. Gudun gara, an faɗa gidan zago: garin da ya gudu ya bari ba shi ne wurin haɗarin ba. Aristotil, wanda ya rubuta littafinsa kan fasahar waƙa da wasa kusan shekara ɗari bayan haka, ya kafa misali da wannan fitowa a kan juyewar lamari, ya kuma ce gane gaskiya ya fi kyau idan ya zo tare da juyewar, kamar yadda ya faru a nan.

Ki lura da Jokasta a wannan fitowar. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, manzo da sarki na ta magana, ita ta riga ta gane. Da ta buɗe baki roƙo ne: ka bari, kada ka ƙara tambaya. Shi kuma ya ɗauka kunya take ji kada a gano ta auri ɗan baiwa, har ya shiga kirari yana kiran kansa ɗan Sa'a. Ta ruga ciki. Me 'yan amshi suka yi? Waƙar murna suka rera, suna cewa wataƙila wani daga cikin alloli ne ya haifi sarkinsu a kan dutsen. Sofokilis ya ajiye waƙa mafi daɗi daf da wuri mafi muni, da gangan.

Akwai wata ƙa'ida ta gasar da ta yi aiki a nan. 'Yan wasa uku kawai ke magana, duk maza, suna sauya fuskar da suke sakawa don su fito a matsayin mutane daban-daban. Aristotil ya ce Sofokilis ne ya ƙaro na ukun. To a fitowar da na ambata akwai Edifus da manzo da Jokasta. A ta gaba akwai Edifus da manzo da tsohon makiyayi. Lissafi ya nuna wanda ya fita a matsayin Jokasta shi ne ya dawo a matsayin makiyayin. Wato muryar da ta roƙi Edifus ya bari ita ce ta dawo ta gaya masa cewa uwar yaron da hannunta ta miƙa shi a kashe. Idan ɗalibaina za su nuna wasan nakan sa mutum ɗaya ya ɗauki waɗannan matsayi biyu, kuma masu kallo suna jin wani abu ko ba a yi musu bayani ba.

Fitowar makiyayin gajeriya ce, zance layi-layi, tambaya da amsa kamar a gaban alƙali. Tsohon yana kauce-kauce, manzon Korinti yana tuna masa zamansu na kiwo a dutse cikin fara'a, shi kuma yana ce masa ya yi shiru. Edifus ya sa a murɗe hannuwan tsohon. Da aka zo gaɓar ƙarshe, makiyayin ya ce ya iso bakin abin da ke da ban tsoro a faɗa. Edifus ya ce shi ma ya iso bakin abin da ke da ban tsoro a ji, amma dole ya ji. A nan duk wasan yake. Ya riga ya hango amsar, yana da ikon ya sallami kowa ya shige gida, bai yi ba.

Rataye kan Jokasta da tsiyaye idon ba a nuna su. Wani bawan fada ne ya fito ya ba da labari: yadda sarki ya ɓalle ƙofa, ya sauke gawar, ya zare allurai na zinare da ke riƙe da tufafinta ya soka a idanunsa. Al'adar wasansu ce ba a zub da jini a gaban jama'a. Sai bayan kunne ya ji sannan ido ya ga sakamakon, lokacin da ya fito a makance. Maganar gani da makanta kuwa tun farko aka shuka ta, lokacin da mai ido ya yi wa makaho gorin makanta, makahon ya ce kai ne kake da ido ba ka ganin inda kake.

Maganar laifi

A aji za a ce miki Aristotil ya ce tauraron irin wannan wasa yana faɗuwa ne saboda wani kuskure, sai a ce kuskuren Edifus girman kai ne ko saurin fushi. Yana da zafin rai, ba musu. Ya zagi Tiresiyas, ya zargi surukinsa Kiriyon da juyin mulki ba hujja. Amma ki gwada: da a ce mai sanyin hali ne, da bai auri Jokasta ba? Auren tukuici ne gari ya ba shi, shi kuma yana nesa da matar da ya sani a matsayin uwa. Kisan mararraba kuma shi aka fara tunkuɗewa daga hanya. Abin da Aristotil ke nufi ya fi kusa da aikata abu cikin rashin sani fiye da mugun hali, domin shi da kansa ya ce ba don mugunta irin wannan mutum ke faɗuwa ba. Eskilus, a wasanninsa na 467 kan wannan gida, ya sa an gargaɗi Layus kada ya haihu, ya ƙi ji, don haka akwai mai laifi. Sofokilis ya cire sharaɗin. A wurinsa an faɗi abin da zai faru ne kawai.

Ra'ayina shi ne wasan ba ya cewa Edifus ya cancanci abin da ya same shi. Dokar Atina ma ta bambanta kisan ganganci da na kuskure. Sai dai a tunaninsu akwai wani abu daban da laifi, wato ƙazantar jini. Wanda ya zub da jinin ubansa ya ƙazantu ko ya sani ko bai sani ba, ƙazantar kuma tana shafar garin da yake zaune. Shi ya sa annoba. A wasan da Sofokilis ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, Edifus a Kolonas, wanda aka nuna a 401 bayan rasuwarsa, tsohon Edifus ya fito fili ya ce bai yi da sani ba. A namu wasan kuwa, da 'yan amshi suka tambaye shi wa ya sa shi wannan aiki, ya ce Afolo ne ya kawo masa waɗannan masifu, amma hannun da ya soke idon nasa ne, ba na kowa ba. Shi da kansa ya raba abin da aka yi masa da abin da ya yi.

Kuma abin da ya yi ɗin, kyawawan halayensa ne suka tura shi. Kalmar farko da ya furta a wasan ita ce "'ya'yana", jama'arsa yake nufi. Da Kiriyon ya dawo daga Delfi ya ce ko su shiga ciki, ya ce a'a, faɗi gaban kowa. Mutum uku suka nemi ya tsaya, Tiresiyas da Jokasta da makiyayi. Da ragon sarki ne, ko marar tausayi, da ya mutu a kan gadonsa garin na ci gaba da mutuwa. Wannan ne ya sa idan ɗalibin da ke fitowa a Edifus ya fara daka tsawa tun fitowar farko nakan tsayar da shi. In masu kallo ba su so sarkin nan a minti goma na farko ba, sauran wasan ya zama kallon azzalumi yana girbar abin da ya shuka, wanda ba shi aka rubuta ba.

Wata shawara: kada ki ɗauko ƙaddara yadda muka karanta ta a tauhidi ki ɗora wa wasan. Allolin Girkawa ba a siffanta su da adalci ko rahama irin yadda muka sani, kuma Sofokilis bai damu ya wanke su ba. Abin da ya nuna shi ne maganarsu ba ta faɗi ƙasa, a lokacin da wasu a garinsa suka fara shakka. Marubutan da suka ɗauko labarin zuwa wasu al'ummu duk sai da suka yi fama da wannan. Taufiƙ al-Hakim na Masar, a nasa wasan na 1949, ya mai da maganar duban ƙarya ce da Tiresiyas ya ƙulla don siyasa. Ola Rotimi, a The Gods Are Not to Blame da aka fara nunawa a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa Odewale, wato nasa Edifus, ya kashe tsohon a rikicin gona bayan tsohon ya yi wa ƙabilarsa ba'a. Rotimi ya dawo da laifin kan mutum da ƙabilanci. Wasa ne mai kyau, amma ɗalibai da yawa da suka fara karanta shi a sakandare suna ɗauko hukuncinsa su yanke wa Edifus. Ki raba su a jarrabawa.

Sai dai ki sani abin da ke hannunmu rabin wasan ne. Waƙoƙin 'yan amshi, su 15, rera su ake yi da sarewa ana rawa, kiɗan da rawar duk sun ɓace, kuma mu a fassara muke karantawa. Akwai kuma wurin da har yau masana ke jayayya. Wanda ya tsira daga mararraba ya ce 'yan fashi ne da yawa suka kashe Layus, Edifus kuma ya ce idan ya tsaya a kan "da yawa" to shi ya kuɓuta, don ɗaya ba ya zama da yawa. Don wannan tambaya aka aika a kira shi. Da ya iso, ashe shi ne makiyayin, magana ta koma kan haihuwa, ba wanda ya sake tambayarsa mutum nawa ne. Wasu sun ce Sofokilis ya bar ƙofa ce a buɗe da gangan. Ni ina ganin mutumin ƙarya ya yi tun farko don tsoro, domin Jokasta ta ce da ya dawo ya tarar da Edifus a kan gadon sarauta, roƙonta ya yi ta tura shi kiwo can nesa da gari. Idan malaminku ya tambayi wannan, ki kawo ra'ayoyin biyu, sannan ki faɗi wanda kika zaɓa da hujjarki daga cikin wasan.